Yadda Ake Gano Karin Waƙar Turanci, Mataki-Mataki

Duk wanda ya tashi yana jin ana rera rubutattun waƙoƙin Hausa, ko ya taɓa zama gaban malami ya karanci aruli, wato ilimin auna karin waƙa, ya riga ya mallaki kunnen da ke gane kari, har yakan ji inda ɗango ya karye tun kafin ya iya faɗin dalili. Amma sau da yawa idan irin wannan mutum ya ɗauki waƙar Turanci, sai ya ji ta tamkar zube aka yanyanka layi-layi, ya rasa inda zai kama. Kunnen nasa lafiya lau yake. Abin da ake aunawa ne ya bambanta, kuma matuƙar bai san wannan bambanci ba, haddace sunayen ƙafafu ba zai amfane shi da komai ba.

A rubutacciyar waƙar Hausa nauyin gaɓa ake aunawa. Gaɓa ko dai ta zama sassauƙa, wato baƙi da gajeren wasali, ko ta zama nannauya, wato baƙi da dogon wasali ko wadda baƙi ya rufe. Wannan ne ya sa karuruwan da Khalil bin Ahmad na Basra ya tsara wa Larabci a ƙarni na 8, irin su Mutaƙarab da Kamil da Rajaz, suka zauna wa Hausa daram. Shi kuwa Turanci ƙarfin furuci yake aunawa. A kowace kalma akwai gaɓar da ake dannawa ta fito sarari, akwai kuma waɗanda ake wucewa a kansu da sauri har wasalinsu ya dushe. Karin waƙar Turanci shi ne tsarin da ake jera masu ƙarfi da masu rauni a cikinsa har kunne ya fara tsammanin abin da zai biyo baya. A nan gaba zan riƙa rubuta gaɓa mai ƙarfi da manyan baƙaƙe, kuma na tsara ɗangayen misalan da kaina domin kowanne ya nuna abu guda a fili.

Mataki na farko: koyi jin ƙarfi a kalma guda

Kada ka fara da waƙa. Fara da kalmomi, domin a nan ne mafi yawan masu koyo ke tuntuɓe ba tare da sun sani ba. Turancin da ake magana da shi a Afirka ta Yamma yakan bai wa kowace gaɓa haƙƙinta cikakke, kamar yadda muke yi a harsunanmu, to amma mawaƙan Ingila da Amurka da suka gina waɗannan karuruwa ba haka suke furtawa ba. Ɗauki kalmar baNAna. Wasulanta uku iri ɗaya ne a rubuce, sai dai na tsakiya kaɗai ake furtawa cikakke, na farko da na ƙarshe kuwa sun koma wani ɗan sauti maras kaifi da ke tsakanin a da i. Wannan dushewar wasali ita ce alamar gaɓa mai rauni, kuma ta fi ɗaga murya zama abin dogaro. Gaɓa mai ƙarfi takan fi tsawo, ta fi amo, sau da yawa ta fi tashi, amma kada ka ɗauke ta daidai da karin sama na Hausa, domin a cikin tambaya ko a ƙarshen jimla murya na iya sauka a kanta alhali ƙarfinta na nan.

Gwada waɗannan da bakinka: WAter, GARden, aLONE, beLIEVE, underSTAND, YESterday. Sannan ka lura da yadda ƙarfi ke ƙaura a dangin kalma guda: PHOtograph, phoTOgraphy, photoGRAPHic. Akwai ma kalmomin da wurin ƙarfin ne ke raba suna da aikatau, kamar REcord da reCORD, ko PREsent da preSENT. Idan ka yi shakka, ƙamus zai raba gardama, domin ƙamusoshin masu koyo suna sa ɗan gajeren layi a tsaye, daga sama, kafin gaɓar da ke ɗauke da ƙarfi. Akwai kuma wata dabara mai sauƙi: furta kalmar kamar kana ƙwala wa wani kira daga nesa, gaɓar da muryarka ta ja a kanta ita ce mai ƙarfi.

Mataki na biyu: karanta ɗangon kamar magana, ka yi alama

Yanzu ɗauki ɗango guda ka karanta shi a bayyane, da muryar da za ka faɗa wa mutum magana, ba da muryar rerawa ba. Wannan sharaɗi ne babba. Mu mun saba a ɗora wa waƙa rauji sannan a gane karinta, amma a Turanci rerawa tun da fari takan tilasta wa kalmomi ƙarfin da ba nasu ba.

Fara sa alama a kan kalmomi masu gaɓa biyu ko fiye, tunda ƙarfinsu a kafe yake, ba ya canzawa don son mawaƙi. Daga nan ka koma kan masu gaɓa ɗaya. Ƙa'idar da ke aiki a mafi yawan lokuta ita ce, kalmomin da ke ɗauke da ma'ana, wato suna da aikatau da sifa da bayanau, suna da ƙarfi, su kuwa ƙananan kalmomin da ke haɗa jimla, irin su the, a, of, to, and, in, da wakilan suna, masu rauni ne. Ga misali:

The RAIN has COME to WASH the DUSty ROAD

Ma'anarsa, ruwan sama ya zo ya wanke hanya mai ƙura. Buga tafin hannunka a kan tebur duk lokacin da ka zo kan manyan baƙaƙe, za ka ji bugu biyar, kowanne da gaɓa mai rauni a gabansa: ta-DUM ta-DUM ta-DUM ta-DUM ta-DUM.

Mataki na uku: ƙirga bugu tukuna, sannan gaɓoɓi

Wanda ya saba da aruli hannunsa zai fara zuwa kan ƙirga gaɓoɓi. Ka dakata. Adadin bugu shi ne ƙashin bayan ɗangon Turanci, adadin gaɓoɓi kuwa yana biye ne. Ɗangon da ke sama yana da bugu biyar da gaɓa goma. Yi wa ɗangaye biyar ko shida na waƙar wannan lissafi kafin ka yanke hukunci, saboda ɗango na farko yakan zo da wani sauyi da mawaƙi ya yi da gangan, kuma wanda ya gina hukuncinsa a kansa kaɗai zai ɓata.

Wajen ƙirga gaɓoɓi, kunne za ka bi, ba ido ba. Kalmar every gaɓa biyu ce a baki ko da ta yi kama da uku a takarda. Kalmomi irin su fire da hour da power da heaven mawaƙi na iya ɗaukarsu gaɓa ɗaya ko biyu gwargwadon bukatar ɗangon. A tsofaffin waƙoƙi za ka ga an rubuta o'er a maimakon over domin a rage gaɓa, ko a sa wata 'yar alama a kan ƙarshen kalma, kamar blessèd, domin a nuna cewa za a furta ƙarshen a matsayin gaɓa mai zaman kanta.

Mataki na huɗu: raba ɗangon ƙafa-ƙafa

Ƙafa a nan ita ce ɗan tsarin da ke maimaituwa, kamar yadda fa'ulun ke maimaituwa a Mutaƙarab. Huɗu ne ake gina waƙa sukutum a kansu. Biyu daga ciki suna hawa, wato suna tashi daga rauni zuwa ƙarfi, biyu kuma suna sauka.

Ta farko, wadda littattafan Turanci ke kira iamb, rauni ce sannan ƙarfi, kamar aLONE. Ita ce uwar karin Turanci, kuma mafi yawan waƙoƙin da aka rubuta daga ƙarni na 14 zuwa na 19 a kanta suke tafiya. Dalilin a bayyane yake: jimlar Turanci cike take da ƙaramar kalma mai rauni da ke shigowa gaban babba, the road, a man, to go, don haka harshen da kansa yake karkata zuwa wannan tafiya. Kishiyarta ita ce trochee, ƙarfi sannan rauni, kamar WAter. Tana da kaifi da umarni, shi ya sa ake yawan jin ta a waƙoƙin yara da kirari da surkulle. Sau da yawa mawaƙi yakan yar da gaɓar ƙarshe mai rauni domin ɗangon ya ƙare da ƙarfi:

MOther, CALL the CATtle HOME

Bugu huɗu ne da gaɓa bakwai. Sanannar waƙar William Blake ta 1794 a kan damisa irin wannan tafiya take yi a yawancin ɗangayenta.

Sauran biyun masu gaɓa uku ne. Anapest rauni biyu ce sannan ƙarfi, kamar underSTAND, kuma sukuwa take yi:

And the HORses came DOWN to the RIver at DAWN

A nan gaɓa goma sha biyu ce amma bugu huɗu kacal, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka dalilin da ya sa ƙirga gaɓoɓi ba ya wadatarwa. Dactyl kuwa ƙarfi ce sannan rauni biyu, kamar YESterday, kuma da ita Alfred Tennyson ya kwaikwayi gudun dawaki a waƙarsa ta 1854 game da harin mahaya na Ingila a yaƙin Kirimiya:

Over the MOUNtain and INto the VALley

Wannan ɗangon nawa ne, ba nasa ba, kuma ƙarfin farko yana kan wasalin o na kalmar farko.

Wani abin lura shi ne, duk waɗannan sunaye daga Girkanci aka aro su, kuma a Girkanci da Latin tsawon gaɓa ake aunawa, kamar dai Larabci da Hausa. Wato a asalinta iamb gajeruwar gaɓa ce da doguwa. Masanan Ingila suka ɗauki sunayen suka ɗora su a kan ƙarfi da rauni. Saboda haka idan ka ci karo da littafin da ke cewa gaɓa doguwa ko gajeruwa yana magana a kan waƙar Turanci, ka sani tsohon yayi ne na suna, ƙarfi da rauni yake nufi.

Mataki na biyar: ba wa karin suna

Wannan ba shi da wahala. Ana haɗa sunan ƙafar da ta fi yawa da adadinta a ɗango: uku trimeter, huɗu tetrameter, biyar pentameter, shida hexameter. Ɗangon ruwan sama da muka fara da shi iambic pentameter ne, wato ƙafa mai hawa sau biyar. Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, shi ya kafa wannan kari a Turanci. Wajajen 1540 Henry Howard ya yi amfani da shi ba tare da amsa-amo ba a fassararsa daga Latin, kuma wannan nau'i maras amsa-amo shi ne wanda Shakespeare ya rubuta mafi yawan wasanninsa da shi, shi ne kuma na doguwar waƙar John Milton ta 1667. Waƙoƙin Shakespeare guda 154 masu ɗango goma sha huɗu, waɗanda aka buga a 1609, kusan dukkansu a kan wannan kari suke, sai dai su da amsa-amo.

Akwai kuma tsarin da ya kamata ka riƙe, domin za ka yawaita haɗuwa da shi a waƙoƙin labari na gargajiya da waƙoƙin coci da na Emily Dickinson ta Amurka. Baiti ne mai ɗango huɗu, bugu huɗu da uku suna karɓa-karɓa:

The MARket WOmen RISE at DAWN,
And WALK the RIver ROAD;
They SING unTIL the MIST is GONE,
And NEver DROP their LOAD.

Idan ka karanta shi kana bugawa, za ka ji hannunka yana son ya ƙara bugu na huɗu a ƙarshen ɗango na biyu da na huɗu, inda babu kalma. Wannan shirun yana cikin karin, kuma shi ke ba wa baitin zaƙin rerawa.

Mataki na shida: nemo inda mawaƙi ya kauce

A nan ne aikin yake da daɗi, kuma a nan ne ake rarrabe wanda ya haddace da wanda ya fahimta. Waƙar da kowane ɗangonta ya tafi ta-DUM ta-DUM babu sauyi takan gundure mai sauraro, kamar makaɗin da ya riƙe bugu ɗaya tun safe. Gwanin mawaƙi yakan kafa karin a kunnenka, sannan ya kauce masa a inda yake son ka farga. Mai ilimin aruli ba zai ga wannan baƙon abu ba, tunda ya san zihafi da illa, wato sauye-sauyen da ake yi wa ƙafar waƙa, ya kuma san cewa akwai sauyin da kari ke ɗauka, akwai wanda ke karya shi.

Sauyin da ya fi yawa shi ne juya ƙafar farko, ta fara da ƙarfi a maimakon rauni:

WASHing the ROAD, the RAIN came DOWN at NIGHT

Har yanzu gaɓa goma ce da bugu biyar, ƙafa huɗun da suka biyo baya kuma suna hawa yadda aka saba, don haka karin bai canza suna ba. Abin da ya faru shi ne ɗangon ya faɗo da ƙarfi tun daga bakinsa, shi ya sa mawaƙa ke son wannan juyi wajen aikatau mai motsi ko kira ko umarni. Ana kuma yin sa bayan tsayawa a tsakiyar ɗango. Inda ba a cika ganinsa ba shi ne ƙafa ta ƙarshe, domin a can kunne yana jiran ya tabbatar da karin.

Na biyu shi ne ƙarin gaɓa mai rauni a ƙarshe:

The RAIN has COME to COOL the BURning CIty

Gaɓa goma sha ɗaya ce, amma bugu biyar ne, ta ƙarshen kuma ba a lissafa ta ƙafa. Irin wannan ƙarshe yana sassauta ɗango, ya bar shi kamar maganar da ba a gama yankewa ba, kuma Shakespeare ya yawaita shi a wasanninsa na baya-baya.

Na uku da na huɗu su ne suka fi rikita masu koyo, saboda suna nuna cewa ƙarfi da rauni ba matakai biyu ne kawai ba, gwadawa ake yi tsakanin gaɓa da maƙwabtanta. Dubi wannan:

The CHILdren of the VILlage RAN aWAY

A magana ƙarfi huɗu za ka ji. To ina na biyar? Yana kan of. Kalma ce mai rauni, amma ta faɗo tsakanin gaɓoɓi biyu da suka fi ta rauni, a daidai gurbin da kari ke jiran bugu, don haka sai ta ɗan ɗaga ta riƙe gurbin. Kuskure ne ka danna ta da ƙarfi kamar RAN, kuskure ne kuma ka ce ɗangon bugu huɗu ne. Sakamakon shi ne ɗangon ya yi sauƙi da sauri, wanda ya dace da yaran da ke gudu. Akasin haka kuma:

The OLD MAN WALKS aLONE aCROSS the FIELD

Kalmomi uku masu ƙarfi sun jeru, ta tsakiyar tana zaune a gurbin rauni. Baki ba ya iya wuce su da sauri, dole ya ja, sai tafiyar ɗangon ta yi nauyi irin ta tsohon da ake magana a kansa. Ƙafar da gaɓoɓinta biyu duk masu ƙarfi ne ana kiranta spondee, wadda duk biyun masu rauni ne kuma pyrrhic. Ba a gina waƙa a kansu, baƙi ne da ke shigowa jefi-jefi, kuma sau da yawa tare suke zuwa, mai rauni a gaba:

And SO the BLOSsom FELL to the COLD GROUND

A ganina, wanda ya iya jin waɗannan sauye-sauye huɗu ya iya karanta mafi yawan waƙoƙin Turanci masu kari. Sai dai a yi hattara da wuce gona da iri: ba kowane sauyi ne ke ɗauke da ma'ana ta musamman ba, wani don kawar da gundura kawai aka yi shi. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce ko sauyin ya faɗo a kan kalmar da ke da muhimmanci a maganar. Idan haka ne, ka faɗi abin da ya yi mata. Idan ba haka ba ne, ka wuce. Haka kuma masana biyu na iya saɓawa a kan ɗango guda, musamman mai yawan kalmomi masu gaɓa ɗaya, kuma kowannensu ya kasance da hujja, muddin bai karkatar da ƙarfin kalma daga inda harshe ya ajiye shi ba.

Mataki na bakwai: saurari tsayawa da gangara

Kari shi ne ma'aunin da ke ƙasa, amma tafiyar da kunne ke ji ta haɗa da inda numfashi ke tsayawa. Yawancin ɗangaye masu bugu biyar suna da ɗan hutu a ciki, wanda ake kira caesura, galibi inda waƙafi ko aya ta faɗo. Idan hutun yana zuwa wuri ɗaya kullum, bayan gaɓa ta huɗu ko ta biyar, waƙar za ta ji a daidaice, kamar yadda take a baitocin Alexander Pope masu ƙwar biyu. Idan yana yawo, sai ta yi kama da magana mai rai. Sannan ka duba ƙarshen ɗango: jimlar ta ƙare a nan, ko ta zarce zuwa na gaba? Manazarta waƙar Hausa sun san wannan da gangara da saɓi-zarce. Milton ya shahara da shi, har jimla guda kan ratsa ɗangaye da dama kafin ta sauka. Wajen karantawa, kada ka tsaya cak a ƙarshen ɗangon da ya gangara, kada kuma ka wuce kamar babu shi. Ɗan jinkiri kaɗan ya isa.

Idan lissafin ya ƙi fita

Wani lokaci za ka bi duk matakan nan amma gaɓoɓi su ƙi daidaita, ɗango ɗaya bakwai, na gaba goma sha ɗaya. Kafin ka ce waƙar ba ta da kari, koma kan bugu kaɗai. Tsohon Turanci, kafin Normawa su ci Ingila a 1066, bugu huɗu yake ƙirgawa a ɗango, biyu kafin hutu biyu bayansa, ana ɗaure su da maimaita baƙin farko na kalmomi, ba ruwansa da yawan gaɓoɓi masu rauni. Ƙirga gaɓoɓi ya shigo ne daga baya ta hanyar tasirin Faransanci, shi ya sa karin da muka yi ta bayani yake lissafa abu biyu a lokaci guda. Tsohon tsarin bai mutu ba. Yana nan a waƙoƙin reno da na wasan yara, kuma Gerard Manley Hopkins, wanda aka buga tarin waƙoƙinsa a 1918 bayan rasuwarsa, ya farfaɗo da irinsa da gangan. Idan adadin bugu yana daidaita ko da na gaɓoɓi bai daidaita ba, to karin bugu zalla ne.

Idan kuma bugun ma bai daidaita ba, to kana gaban sakakkiyar waƙa ce, irin wadda Walt Whitman ya fito da ita a Amurka a 1855, wadda ta mamaye ƙarni na 20, kuma da yawa daga waƙoƙin marubutan Afirka da ake karantawa a makarantu haka suke. A nan ba za ka nemi sunan ƙafa ba, amma mataki na biyu da na bakwai suna nan da amfaninsu. Sa alama a kan gaɓoɓi masu ƙarfi, ka duba inda suka cunkushe da inda suka warwatsu, ka lura da tsawon ɗangaye, da kalmomi ko ginin jimlar da ake maimaitawa, da kalmar da mawaƙi ya zaɓa ya yanke layi a kanta. Sau da yawa za ka tarar, a tsakiyar waƙar da ba ta bin kari, ɗango ɗaya ya fito cif da bugu biyar masu hawa. Ja layi a ƙarƙashinsa ka sake karanta shi a bayyane, sannan ka duba abin da yake faɗa da kuma abin da ɗangayen da ke kewaye da shi suke faɗa.